Haya a Cikin Gari: Alkawuran da Ke Tsakanin Mai Gida da Ɗan Haya

Darasin wannan fitowar daga teburin ba da shawara kan shari'a yake. Mun rubuta shi ne domin mazauna Minawao da suka kama ɗaki ko shago a Mokolo, Marwa, Mora da ƙauyukan da ke kewaye, da kuma waɗanda ke shirin yin haka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, shugabannin unguwanni kuma su taimaka a fassara shi da Kanuri, Fulatanci da sauran harsunan sansani.

Tun da aka buɗe wannan sansani a 2013, mutane ke fita cikin gari neman abin yi. Wani tela ne da ke son kusa da kasuwa, wata tana da yara a makarantar sakandare, wani kuma jinya ta zaunar da shi kusa da asibiti. Dukkansu sai sun kama haya. Ƙorafin da ke dawo mana kusan iri ɗaya ne: an ƙara kuɗi a tsakiyar wata, an cire ƙofa, an hana kuɗin ajiya, ko an ce a fita gobe. Idan muka tambaya me aka yi yarjejeniya a kai tun farko, sau da yawa amsar ita ce, “Mun yi magana ne kawai, mutumin kirki ne.” Wataƙila kuwa mutumin kirkin ne. Amma yana iya rasuwa, yana iya sayar da gidan, ɗansa yana iya dawowa daga Duwala da amarya yana neman ɗaki. A ranar ce ake neman abin da za a riƙa.

Kuna da izinin kama haya

Mu fara da wannan domin wasu na tsoron ko katin ɗan gudun hijira bai isa a sa hannu a takarda ba. Ya isa. Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira, wadda Kamaru ta amince da ita, ta ambaci haya a sashe na 13, zuwa kotu a sashe na 16, sannan muhalli a sashe na 21. Kamaru kuma tana da dokarta ta ranar 27 ga Yuli 2005 kan matsayin 'yan gudun hijira, wadda ta tabbatar muku da haƙƙin muhalli, da mallaka, da kai ƙara gaban alƙali. Abu ɗaya da za a lura da shi: a nan shekarun balaga wajen ƙulla yarjejeniya 21 ne. Saurayi mai shekara 19 da ke son kama shago, gara uba ko wani babba ya sa hannu a madadinsa.

Rumfunan da ke cikin sansani ba sa cikin wannan darasi. Ba na haya ba ne, ba na sayarwa ba ne, wanda ya karɓi kuɗinku a kansu ku sanar da ofishin kula da sansani.

Wace doka ce ke aiki a nan

A gida Nijeriya dokar haya ta samo tushe ne daga tsarin Ingila. A wannan yanki na Arewa Mai Nisa kuwa, tsarin Faransa ake bi, wato kundin dokar mu'amala da ake kira Kod Sibil, wanda asalinsa na 1804 ne. Maganar haya tana ciki daga sashe na 1708 zuwa gaba. Nijar da Chadi ma sun gaji kundin, don haka wanda ke da dangi a Diffa ko Baga Sola zai ga abubuwa da yawa sun yi kama, ko da yake kowace ƙasa tana da ƙarin dokokinta. Idan hayar ta shago ce ko wurin sana'a, akwai wata doka daban, ta ƙungiyar OHADA, za mu zo kanta.

Alkawuran haya kashi biyu ne. Akwai waɗanda kuka faɗa da bakinku ko kuka rubuta: nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, wa zai biya wuta. Akwai kuma waɗanda doka ta ɗora wa kowa ko da ba a ambace su ba. Na biyun su ne mutane ba su sani ba, su ne kuma alƙali ke komawa kansu idan takarda ta yi shiru ko babu ita sam.

Abin da ke wuyan mai gida

Sashe na 1719 ya ɗora wa mai gida abu uku. Ya miƙa gidan, ya kula da shi yadda zai ci gaba da zaunuwa, ya kuma bar ɗan haya ya zauna lafiya har wa'adi ya cika.

Miƙa gida yana nufin a ba ku mabuɗi a ranar da aka sa, ɗakin kuma yana cikin halin da mutum zai iya kwana a ciki. Wanda ya karɓi kuɗin wata uku, sannan kuka zo da kaya a baro kuka tarar tsohon ɗan haya bai fita ba, ya saɓa alkawarin farko.

Gyara shi ne inda aka fi faɗa. Ƙa'idar sashe na 1720 ita ce, duk babban gyara na mai gida ne: rufin da ke yoyo, katangar da ta tsage, azarar da gara ta cinye. Ƙananan abubuwan da amfanin yau da kullum ke lalatawa kuwa, kamar sakata, kwaɗo, gilashin taga da yaro ya fasa, ko yaɓen ƙasan bango da ya ɓare, na ɗan haya ne, sashe na 1754 ya jero irinsu. Sai sashe na 1755 ya ƙara da cewa ko ƙaramin gyaran ne, idan tsufa ne ya jawo shi ko wani abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar guguwa, ba ya kan ɗan haya. Akwai ma wani sashe da mutane ke dariya idan mun karanta musu, na 1756: yashe rijiya da kwashe masai aikin mai gida ne, sai dai in an rubuta akasin haka. Waɗanda suka tsara dokar fiye da shekara 200 da suka wuce sun san irin rigimar da masai ke haddasawa a gidan haya.

Wata tambaya da ke zuwa kowace damina: rufi na zuba, mai gida ya ƙi gyarawa, shin zan iya daina biya? Shawararmu ita ce kada ku daina. Wanda ya riƙe kuɗin haya da kansa, ya ba mai gida makamin da zai yaƙe shi da shi, za ku ga dalili a ƙasa. Kada kuma ku sayi kwano ku gyara sannan ku cire daga kuɗin wata ba tare da yardarsa ba. Ku faɗa masa gaban shaidu, ku rubuta masa, ku ɗauki hoton wurin da waya. Idan ya ce ku gyara ku cire, a rubuta nawa ne, ya sa hannu, ku ajiye rasiɗin kwano da ƙusa da ladan kafinta. Idan ya ƙi duka, kotu ce ke iya tilasta masa ko ta ba ku izinin gyarawa da kuɗinsa.

Idan kuma shi ne ya zo gyara na gaggawa, dole ku yi haƙuri da ƙura da hayaniya. Amma sashe na 1724 ya ce in aikin ya wuce kwana 40, a rage kuɗin haya gwargwadon lokacin da ɓangaren da aka hana ku. In ruwan watan Agusta ya rusa ɗakin gaba ɗaya, hayar ta ƙare da kanta bisa sashe na 1722, ba mai bin wani diyya. In rabi ne ya faɗi, kuna iya neman ragi ko ku nemi a warware.

Alkawari na uku, zama lafiya, ya fi faɗi fiye da yadda ake zato. Da zarar kun karɓi mabuɗi, ɗakin ya zama mazauninku. Mai gida ba shi da ikon shiga lokacin da ya ga dama, ko ya ajiye buhunan gero a zaurenku, ko ya toshe hanyar rijiyar da kuka tarar ana amfani da ita, ko ya yanke wuta don ya matsa muku. Shiga gidan mutum ba da yardarsa ba laifi ne a sashe na 299 na dokar hukunta laifuffuka, mai gida kuma bai tsira daga wannan sashe ba don kawai ginin nasa ne. Wannan magana ta fi shafar mata masu zaman kansu da 'ya'yansu, musamman waɗanda mazajensu suka rasu ko suka ɓata. Duk mai gidan da ya fara zuwa da dare da sunan karɓar haya, ko ya nuna za a yafe bashi idan aka yi masa wani abu, wannan ya fita daga maganar haya ya shiga laifi. Ku zo wurin jami'an kariya, akwai mata a cikinsu, maganar kuma ba ta fita.

Iyakar wannan alkawari ita ce, mai gida ba ya ɗaukar alhakin ɓarawo ko maƙwabci mai fitina da ba shi da alaƙa da shi. Amma idan wani ya zo yana cewa gidan nasa ne, ko gadon ubansu ne ba a raba ba, ku sanar da wanda ya ba ku haya nan take, shi zai tsaya. Don haka ne ma muke cewa kafin ku biya ko sisi, ku tambayi jauro ko lawan na unguwar: wannan mutumin shi ne mai gidan, ko ɗan'uwa ne, ko dillali?

Abin da ke wuyan ɗan haya

Sashe na 1728 ya taƙaita shi a abu biyu. Ku riƙe gidan kamar yadda magidanci mai hankali ke riƙe nasa, ku yi amfani da shi don abin da aka ba ku shi, sannan ku biya a lokacin da aka sa.

“Don abin da aka ba ku shi” yana da nauyi. Wanda ya kama ɗakin kwana ya kafa injin niƙa a ciki, ko ya mai da tsakar gida garken awaki, ko ya jibge jarkokin zuwa-zuwa a bayan ƙofa, ya ba mai gida dalilin neman a kore shi. Idan kun san za ku yi ƙosai a ƙofar gida ko ɗinki a zaure, ku faɗa tun ranar farko a sa a takarda. Yawancin masu gida ba sa hanawa idan an tambaye su. Su tarar an fara ba su sani ba, shi ne ba sa so.

Maganar man fetur ta kai mu ga gobara, inda dokar ke da tsauri. A sashe na 1733, idan gidan haya ya ƙone, ɗan haya ake fara tuhuma. Shi zai kawo hujjar cewa wutar daga gidan maƙwabta ta tsallako, ko ginin ne ke da aibi, ko wani abu ne da ba mai iya tarewa. In ya kasa, shi zai biya. Lokacin hunturu da ake shiga ɗaki da garwashi, wannan sashe ya cancanci a tuna da shi. Haka kuma ɓarnar da 'ya'yanku, matanku ko baƙinku suka yi, a kanku take, sashe na 1735 ya faɗa.

Baƙi kuwa, mun san halin da ake ciki. Mutum ya kama ɗaki da iyalinsa su biyar, bayan wata biyu 'yan'uwa sun tsallako daga Gwoza ko Banki, ba zai ce su kwana a waje ba. Doka ba ta hana saukar da dangi ba. Amma idan takarda ta ƙayyade adadin mutane, ko kuna raba kuɗin ruwa da sauran 'yan haya bisa yawan kai, ku je ku gaya wa mai gida kafin ya ji a bakin wani. Bayar da ɗaki haya ga wani kuna karɓar kuɗi kuwa magana ce daban. Sashe na 1717 ya yarda da hakan a gidan zama idan ba a hana a yarjejeniya ba, amma takardu da yawa suna hanawa, don haka a duba. Ko an yarda, ku ne mai gida zai bi idan wanda kuka saka bai biya ba.

Bashin haya na iya kai mutum kurkuku

Wannan shi ne babban abin da ya bambanta nan da gida, muna roƙon a karanta shi sau biyu. A Nijeriya mun saba bashin haya maganar kuɗi ce, iyakarta a fitar da mutum a bi shi bashi. A Kamaru, sabuwar dokar hukunta laifuffuka ta ranar 12 ga Yuli 2016 ta zo da sashe na 322-1. Ya ce ɗan hayan da ake bi kuɗin wata biyu, aka kai masa sammacin ya biya ko ya fita, wata ɗaya ya wuce bai biya ba bai kuma fita ba, ana iya ɗaure shi wata 6 zuwa shekara 3, ko tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko duka biyun. Idan an same shi da laifi, kotu tana kuma ba da umarnin a fitar da shi.

Sashen yana da sharuɗɗa, sai sun cika duka. Dole a ce an yi wa takardar hayar rajista a ofishin haraji. Dole bashin ya kai wata biyu. Dole a kai sammaci, a kuma jira wata guda. Mai gidan da kuka yi magana da shi da baki kawai ba zai iya amfani da wannan sashe ba, ko da ya yi barazanar kiran jandarma. A lura kuma da ƙofar da dokar ta bari a buɗe: wanda ya fita cikin watan nan, ko bai biya ba, bai aikata laifin ba. Bashin na nan a kansa, amma ba na ɗauri ba ne.

Saboda haka, ranar da takardar sammaci ta shigo hannunku daga ma'aikacin da ake kira hwisiye, wato mai isar da takardun shari'a, ku rubuta kwanan watan, ku kawo mana ita cikin makon. Kada ku ƙi karɓa, ƙin karɓa ba ya tsayar da lissafin kwanaki. Kada kuma ku sa ta ƙarƙashin tabarma don an rubuta ta da Faransanci.

Wani zai ce, to ai gara kada a yi rajistar. Ba haka ba ne kai tsaye, domin rajista tana kāre ɗan haya ta wata fuskar. Sashe na 1743 ya ce idan aka sayar da gida, sabon mai shi ba zai kori ɗan hayan da takardarsa ke da tabbataccen kwanan wata ba, sai in an rubuta a ciki cewa sayarwa na warware haya. Rajista ce hanyar da aka fi samun wannan tabbacin. Ga ɗaki ɗaya na wata-wata, mutane da yawa ba sa yi. Ga shago, ko gidan da kuka biya shekara, ko wurin da za ku zuba kuɗin gini, muna ganin ya kamata a yi, a kuma yanke tun farko wa zai biya kuɗin rajistar.

Takarda, rasiɗi da ranar shiga

Hayar baki halal ce a doka, sashe na 1714 ya yarda da ita. Matsalarta hujja ce. Ku dubi sashe na 1716: idan aka yi gardama kan nawa ne kuɗin, babu takarda babu rasiɗi, mai gida ake gaskatawa idan ya rantse, sai dai ɗan haya ya nemi a kawo masani ya ƙiyasta, in kuma ƙiyasin ya wuce abin da ya faɗa shi zai biya ladan masanin. Rasiɗi ɗaya tak yana rushe wannan duka. Ba sai na bugawa ba. Ku sayi littafin makaranta, kowane wata a rubuta kwanan wata, adadin kuɗi, watan da aka biya wa, mai karɓa ya sa hannu. Wanda ke biya ta waya kada ya goge saƙon. Idan yaron mai gida ko matarsa ce ke karɓa, mai gidan ya faɗa gaban shaidu cewa ya wakilta su.

Takardar haya ma ba sai lauya ya rubuta ba. Ta ƙunshi sunayenku kamar yadda suke a kati, wurin da ɗakin yake da abin da ya haɗa, kamar madafa, masai da rijiya, kuɗin wata da ranar biya, abin da kuka bayar na gaba da na ajiya, tsawon wa'adi, kwana nawa za a ba juna kafin rabuwa, da wanda zai biya wuta da ruwa. A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya mai sa hannun asali. Kada ku dangwala yatsa a kan abin da ba a fassara muku ba, mai fassarar kuma ya zama naku, ba ɗan mai gida ba.

A rarrabe kuɗin gaba da kuɗin ajiya. Na gaba haya ce da kuka biya tun kafin lokaci, za ku zauna ku cinye ta. Na ajiya jingina ce, ana mayar muku da ita ranar fita bayan an cire ɓarnar da kuka yi. Idan aka dunƙule su a rasiɗi ɗaya ba bayani, ranar fita za a ce duk haya ce.

Kuɗin ajiya kuwa ranar shiga ake ceto shi. Sashe na 1731 ya ce idan ba a rubuta halin da ɗaki yake ciki ba lokacin shiga, ana ɗauka cewa lafiya lau kuka karɓe shi. Wato tsagewar da kuka tarar a daɓe, taku ce ranar fita. Ku zaga da mai gida, a rubuta komai: ƙofar da ba ta rufuwa, ramin ɓera, tabon yoyo a rufi, lambar mita idan akwai. Minti goma ne.

Katin ɗan gudun hijira da katin rabon abinci ba a jinginar da su. Ba mai gidan da ke da ikon riƙe su saboda bashi. Wanda aka karɓe wa nasa ya zo ya faɗa mana ranar.

Wanda ya yi gini a filin wani

Akwai wani tsari da ya yaɗu a gefen garuruwa. Mai fili ya ce, “Ga kango, ka gina ɗaki biyu ka zauna, ba sai ka biya haya ba.” Mutum ya buga bulo, ya sayi kwano da ƙofar ƙarfe, wataƙila da kuɗin da ya sayar da akuyar matarsa. Bayan shekara ɗaya ɗakin ya yi kyau, mai fili ya ce yana bukata.

A doka, abin da aka gina a kan ƙasa yana bin mai ƙasar. Sashe na 555 ya ba shi zaɓi: ya riƙe ginin ya biya kuɗin kaya da ladan aiki, ko ya sa wanda ya gina ya rushe ya kwashe kayansa da kuɗin aljihunsa. Kun ga zaɓin a hannunsa yake. Abin da ke sauya wannan shi ne yarjejeniyar da aka rubuta kafin a aza bulo na farko. A ƙiyasta kuɗin ginin, a sa kuɗin haya na wata, a raba a ga wata nawa zai ci. Misali, gini ya ci sefa 180,000, hayar irin ɗakin 5,000 ce a wata, kun sayi zaman wata 36 ke nan. A rubuta cewa in mai fili ya nemi wurinsa kafin nan, zai biya ragowar. A rubuta kuma me zai faru in ku ne kuka tashi, domin da yawanku na jiran ranar komawa gida: za a mayar muku da saura, ko za ku iya saka wani ya ƙarasa watannin, ko za ku cire kwanonku da ƙofarku? Wannan takarda a yi ta gaban jauro, da shaidu daga ɓangaren mai fili, har da 'ya'yansa manya in zai yiwu, tunda su za su gaje shi.

Rabuwa

Hayar da aka sa wa wa'adi a rubuce tana ƙarewa ranar da wa'adin ya cika, ba sai an ba da sanarwa ba. Idan ranar ta wuce kuna zaune, mai gida bai ce komai ba yana ci gaba da karɓar kuɗi, sashe na 1738 ya ɗauka an shiga sabuwar haya marar wa'adi. Marar wa'adi kuwa, kowa na iya yanke ta, amma da sanarwa, sashe na 1736 kuma ya mayar da tsawon sanarwar ga al'adar wurin. Waɗanda suka zauna a Maiduguri sun saba da wata shida ga mai biyan shekara da wata ɗaya ga mai biyan wata. Kada ku ɗauka lissafin nan ya biyo ku. Ku rubuta naku adadin a takarda.

Mutuwa ba ta kashe haya, sashe na 1742 ya faɗa ƙarara. In mai gida ya rasu, magadansa sun gaji alkawuransa. In maigidan da ya kama ɗakin ne ya rasu, ba a korar matarsa da marayu a cikin zaman makoki da hujjar cewa ba da su aka yi magana ba, muddin ana biya.

Ko bashi ya kai nawa, mai gida ba ya korar mutum da hannunsa. Cire ƙofa, yaye kwano, sa kwaɗo, watso kaya waje, duk ba hanyar doka ba ce. Sai kotu ta yanke hukunci, hwisiye ya zartar. Ko kamun kaya saboda bashi, ta hannun hwisiye ake yi. Idan aka yi muku irin wannan, kada ku rama da faɗa. Ku kira shaidu, ku ɗauki hoto, ku je wurin jauro, ku sanar da mu. Yawancin rigingimun da muka gani a wurin jauro ko lawan suke mutuwa, da jadawalin biya kaɗan-kaɗan. Sulhun ma a rubuta shi.

Masu shago

Shago, wurin ɗinki, wurin walda da makamantansu suna ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA da aka sabunta ranar 15 ga Disamba 2010, sashe na 101 zuwa 134. Tana aiki a Kamaru, Nijar da Chadi, ba ta aiki a Nijeriya, shi ya sa 'yan kasuwarmu ba su san ta ba. Ta fi kāre ɗan haya, domin ta san cewa mai shago ya tara abokan ciniki a wurin.

Wanda ya yi shekara 2 yana sana'arsa a wuri bisa sharuɗɗan haya, ya sami haƙƙin a sabunta masa. Mai gida na iya ƙi, amma sai ya biya diyyar tashi, sai dai in yana da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar ɗan hayan ya saɓa babban alkawari ko za a rushe ginin a sake. Idan hayar marar wa'adi ce, sanarwar rabuwa ba ta gaza wata 6 ba. Idan mai wa'adi ce, ga tarkon da ke kama mutane: dole ku nemi sabuntawa a rubuce aƙalla wata 3 kafin wa'adi ya cika, ta hanyar da za a iya tabbatar da cewa saƙon ya isa. Wanda ya bari lokacin ya wuce, haƙƙin ya faɗi. In kun nema mai gida ya yi shiru har ya rage wata ɗaya, ana ɗauka ya yarda. Kafin a kai mai shago kotu kan saɓa alkawari, sai an ba shi gargaɗin wata ɗaya ya gyara. A shago kuma, saɓanin gidan zama, ba a saka wani ɗan haya sai da izinin mai gida.

Hayar gona tana da nata ƙa'idojin, musamman kan shekarar da amfani ya lalace da kuma filayen da ba su da takardar mallaka. Za mu ware mata darasi kafin shuka.

Mai tambaya ko wanda ke cikin rigima yanzu ya zo teburin shawara da katinsa, takardar haya in akwai, littafin rasiɗi, duk wata takarda da aka kawo masa, da sunayen waɗanda suka halarci maganar farko. Wanda zai sa hannu a sabuwar takarda yana iya kawo ta mu karanta masa kafin ya sa. Ba a biyan komai, mai fassara kuma yana nan.